Rina hoto da ganyen shayi: me ke kawo dabbare-dabbare?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina wanke hotunan baƙi-da-fari a ɗakin duhu. Na jiƙa ɗaya a ruwan shayi don ya yi kalar tsohon hoto, sai ya fito dabbare-dabbare, ga kuma ɗigo-ɗigon baƙi. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Marwa, ƙasar Kamaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shayi ba ya taɓa azurfar da ta yi baƙin hoton. Sinadarin tanin da ke cikinsa, irin wanda majeman Marwa ke samu a bagaruwa, shi ke kama jelatin (siririn shafen da ke fuskar takardar hoto) da ita kanta takardar. Saboda haka farin hoton ne ke rinuwa, baƙin kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa hoton da ya fito dushi-dushi tun farko, shayi ƙara kashe shi yake yi. Zaɓi hoto mai baƙi sosai.

Dabbare-dabbaren yawanci daga busasshiyar takarda yake, don wani wuri na shan shayin kafin wani. Jiƙa hoton a ruwa zalla minti 5 tukuna. Kuma ka tabbata fiksa (sinadarin da ke tsayar da hoto bayan wanki) ta fita: ɗauraye takarda mai rufin roba minti 4 zuwa 5 a ruwa mai gudana, ta zare (marar rufin roba) kuwa kusan awa 1. Sawun yatsa ma yana fitowa, don maiƙon hannu na hana rinin kamawa.

Ɗigon baƙin nan ƙarfe ne. Tanin in ya haɗu da tsatsa sai ya zama tawada. Ka bar tiren ƙarfe, ka koma na roba, ruwan ma in daga tsohon bututu yake, canja shi.

Ga haɗin: jakar baƙin shayi 8 a lita 1 ta tafasasshen ruwa, ba sukari, ya jiƙu minti 10. Tace da ƙyalle mai tsabta, ka bari ya huce zuwa wajen digiri 20. A zafin watan Maris da Afirilu na Marwa wannan sai da dabara: sa kwanon cikin ruwan randa ko ƙanƙara, don shayi mai ɗumi yana tausasa jelatin har ya kurje. Tsoma hoton gaba ɗaya lokaci guda, fuska sama, kana jijjiga tiren ba tsayawa. Duba shi bayan minti 3. Takardar zare tana kamawa da sauri, ta roba tana jan lokaci kuma ba ta yin duhu sosai. Ɗauraye minti 10, ka shanya a inuwa. Ɗaurayar tana rage kalar kaɗan, saboda haka gwada da guntun takarda tukuna.

Koren shayi rawaya-rawaya yake bayarwa, mara ƙarfi; ni ban ga ribarsa a nan ba.

In hoton na mai biyan kuɗi ne, gaya masa gaskiya: wannan ado ne kawai. Ba ya kare azurfar kamar yadda sinadaran rina hoto irin su seleniyam ko sifiya mai farar wuta ke yi, kuma kalar na iya canjawa in rana na dukansa.