Tambaya da Amsa: Ina So In Zama Editan Sa-kai a Kundin Shafukan Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni baduku ne a Kano, sana'ata ɗinkin jakunkuna da takalman fata, kuma shekara biyu ke nan da ƙanena ya buɗe mini shafin intanet domin tallata kayana. Kwanan baya wani abokina ya nuna mini Curlie, ya ce kundi ne na adireshin shafuka wanda mutane ke tsarawa da hannunsu, kuma kowa yana iya neman a ɗauke shi edita. Na cike fom ɗin amma ban tura ba tukuna, ina so ka duba mini. Kundin an kasa shi rukuni-rukuni, kuma rukunin da na zaɓa in riƙe shi ne na Nijeriya baki ɗaya. An ce in kawo misalin shafuka, sai na sa nawa, da na wata babbar jarida, da na wata jami'a. Ga bayanin da na rubuta a kan nawa: "Shagon fata NA ƊAYA a duk faɗin Arewa! Muna da jakunkuna da takalma da sauransu a farashi mai rahusa. Ku garzayo yanzu!" Wurin da aka tambaya ko ina da alaƙa da wani shafi na bar shi babu komai, don kada a ce saboda kaina nake nema. Shin za a ɗauke ni? Daga mai karatunku a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ba ka tura ba, domin yadda fom ɗin nan yake a yanzu da wuya ƙwarai ya wuce hannun wanda zai duba shi. Ba don sana'arka ba ce, kuma ba don kana da shafi naka ba. Abin da ya kamata ka gane tun farko shi ne, a wannan neman babu ganawa ido da ido, babu takardar shaidar karatu, babu wanda zai tsaya maka. Fom ɗin shi ne jarrabawar gaba ɗayanta. Babban edita, daga cikin waɗanda ake kira "meta", shi ne zai karanta abin da ka rubuta, kuma daga waɗannan 'yan layuka zai yanke hukunci ko za a iya damƙa maka amanar wani ɓangare na kundin. Shi ma ɗan sa-kai ne, a lokacin hutunsa yake wannan aiki, saboda haka amsar tana iya zuwa cikin 'yan kwanaki, tana kuma iya ɗaukar makonni.

Bari in ɗan koma baya kaɗan, domin tarihin shi ne zai nuna maka dalilin da ya sa suke da tsauri. Curlie magajin wani kundi ne da ake kira Open Directory Project, wanda aka fi sani da DMOZ. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Sun Microsystems a Amurka, Rich Skrenta da Bob Truel, su ne suka kafa shi a watan Yunin 1998, a lokacin da jama'a ke ƙorafin cewa ma'aikatan kundin Yahoo ba sa iya cim ma yawan sababbin shafukan da ke fitowa. Dabararsu ita ce a raba aikin ga dubban 'yan sa-kai, kowa ya riƙe fannin da ya sani. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin Netscape ya saye shi, daga bisani kuma kamfanin AOL ya haɗiye Netscape ɗin, kundin ya koma hannunsa. Da yake an bar kowa ya kwashi bayanan kyauta ya yi amfani da su, manyan injinan bincike, har da Google, suka riƙa ɗora su a nasu shafukan. Nan ne matsalar ta samo asali: shiga kundin ya zama abin da ke ɗaga darajar shafi, sai masu kasuwanci suka riƙa neman zama editoci don kawai su cusa nasu shafin su danne na abokan hamayya. Editocin da suka daɗe sun ga irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma idonsu ya riga ya buɗe a kansa.

To, ka ga ke nan wurin da ka bari babu komai shi ne mafi hatsari a duk fom ɗinka. Ƙa'idar kundin ba ta hana mai shafi zama edita ba, ba ta ma hana shi riƙe rukunin da shafinsa yake ciki ba. Abin da take nema shi ne ya bayyana duk shafin da ya mallaka, ko ya gina, ko yake yi wa aiki, sannan ya yi wa shafin nasa irin mu'amalar da zai yi wa na kowa. Kai kuwa ka sa shafinka a matsayin misali na farko, ka yabe shi da bakin mai kaya, sannan ka yi shiru a inda aka tambaye ka alaƙa. Mai dubawa ba ya bukatar dogon bincike kafin ya haɗa waɗannan biyun, musamman idan sunan da ke adireshin imel ɗinka shi ne a shafin shagon. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wurinsu ɓoye alaƙa ya fi mallakar shafin muni nesa ba kusa ba. Ka rubuta a fili cewa kai baduku ne, shafi kaza naka ne, ƙanenka ya gina maka. Wannan ma abin da zai ƙara maka daraja ne, domin yana nuna ka san fata, ka san masu sana'ar, kuma za ka iya bambance shagon gaskiya da na wanda ya kwaso hotunan kayan wasu ya liƙa.

Sai batun rukuni. Nijeriya baki ɗaya ta yi wa sabon shiga girma, kuma ba a saba ba wa wanda ba a taɓa ganin aikinsa ba irin wannan wuri. Shawarar da kundin kansa yake bayarwa ita ce a fara da ƙaramin rukuni, wanda shafukan cikinsa ba su kai ɗari ba, kuma ni a ganina idan ka sami mai ashirin ko ƙasa da haka ya fi maka. Ka bi reshen yankuna ka gangara daga Afirka zuwa Nijeriya, ka ci gaba da sauka har ka isa wani lungu da ya shafi garinka ko sana'ar hannu, ka duba ko akwai mahaɗar neman zama edita a wannan shafin, domin ba kowane rukuni ake buɗe wa sababbi ba. Idan aka ɗauke ka kuma ka yi aiki mai tsabta, kana iya neman a ƙara maka wani rukunin daga ciki, kuma a lokacin tarihin gyare-gyarenka, wanda ake ajiye kowane ɗaya daga ciki, shi ne zai yi magana a madadinka.

Misalan shafukanka guda biyu na ƙarshe ma ba za su taimake ka ba. Babbar jarida da jami'a kusan tabbas suna cikin kundin tun tuni, kuma ko da ba sa ciki, kowannensu yana da nasa rukunin daban. Abin da ake so a gani shi ne ko za ka iya fita ka nemo shafi mai amfani wanda ba a riga an sa ba, kuma wanda ya dace da ainihin rukunin da kake nema, ba na maƙwabcinsa ba. Ka ɗauki kowane adireshi ka sa shi a akwatin binciken kundin ka tabbatar ba ya nan. Ka buɗe shafin da kanka, ka shiga ɓangarorinsa, ka ga ko yana aiki, ko yana da abin karantawa nasa na kansa, ko kuwa shafi ɗaya ne tak da lambar waya da alkawarin "muna nan tafe". Da ni ne kai, da ba zan sa shafina cikin misalan ba sam. Zan nemo na wasu dukawa ko majema, har da wanda muke gasa da shi a kasuwa, in rubuta masa bayani na adalci, domin babu abin da ke kwantar wa mai dubawa hankali kamar wannan.

Yanzu mu zo kan bayanin da ka rubuta, wanda a nan ne yawancin masu nema ke faɗuwa. Abin da ka rubuta talla ce irin ta rediyo, kuma a matsayin talla ba ta da laifi. Amma edita ba mai shela ba ne. Aikinsa ya fi kama da na ma'aikacin ɗakin karatu da ke rubuta katin littafi: ya faɗi abin da ke ciki, ya tsaya. Ka dubi abubuwan da za a cire maka. "NA ƊAYA" yabo ne da ba wanda zai iya tabbatarwa, ga shi kuma da manyan baƙaƙe. "Muna da" muryar mai shago ce, alhali ana so a rubuta kamar mutum na uku yana ba da labari. "Da sauransu" ba ta gaya wa mai karatu komai ba. "Farashi mai rahusa" abu ne da yake canzawa gobe. "Ku garzayo yanzu" da alamar motsin rai duk na kasuwa ne. Da za a sake rubuta shi yadda suke so, zai fito kamar haka: "Yana ɗinka jakunkuna da takalman fata da hannu a Kano. Akwai hotunan kaya, bayanin yadda ake jeme fatar, da hanyar yin oda." Jimla ta farko ta faɗi abin da mai shafin yake yi, ta biyu ta faɗi abin da baƙo zai tarar idan ya shiga. Ba a maimaita sunan shagon ba tunda yana cikin take, kuma duka bai kai kalma 30 ba, wanda shi ne kusan iyakar da ake so. Taken kuma sunan shafin ne na ainihi, ba tare da an jera masa kalmomin jawo masu bincike ba.

Abu na ƙarshe a kan fom ɗin shi ne harshe. Rukunin da ka nufa yana ɓangaren Ingilishi, don haka da Ingilishi za ka rubuta, kuma kuskuren rubutu ko na nahawu a bayani mai layi biyu yana fitowa fili. Ka ba wani ya karanta maka kafin ka tura. Shafukan da aka rubuta da wasu harsuna ana jera su ne daban, kowane harshe da nasa ɓangaren, kuma da wannan harshen ake rubuta bayaninsu. Idan kuma aka ƙi ɗaukarka a karon farko, ƙofa ba ta rufe ba, ana iya sake nema. Ka karanta dalilin da aka aiko maka da kyau, ka gyara, ka kuma ajiye kwafin abin da ka rubuta a wayarka ko kwamfutarka don kada ka soma daga farko.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin ɗakin karatu a Zariya. Shin ana biyan irin waɗannan editoci, kuma aikin yana da sauran amfani a yau da kowa ke tambayar Google?

Amsa: Barka kadai, Malama. Ba a biyan ko sisi, kuma karɓar kuɗi daga mai shafi domin a sa shi a kundin laifi ne da ke sa a kori edita. Ba a kuma yanka wa kowa yawan aikin da zai yi a rana, sai dai idan aka yi wata huɗu mutum bai taɓa komai ba, rajistarsa takan mutu, sai ya nemi a maido masa.

Game da amfani, gara in gaya miki gaskiya. Zamanin da irin waɗannan kundaye ke jan ragamar intanet ya wuce. Google ya rufe nasa kundin a 2011, Yahoo ya rufe nasa a ƙarshen 2014, AOL kuma ya rufe DMOZ a watan Maris na 2017, bayan kusan shekara 19 yana aiki da miliyoyin shafuka a cikinsa. Editocin ne da kansu suka ƙi barin aikin ya mutu, suka ɗauki bayanan suka ci gaba da sunan Curlie. Duk mai shiga yau don ya ɗaga shafinsa a sakamakon bincike, ya makara da shekaru masu yawa.

Amma ke da kike karatun tsara littattafai, lissafinki daban ne. Abin da ake koya muku a aji, wato a ɗauki abu a gane fanninsa, a ajiye shi inda mai nema zai same shi, a rubuta masa taƙaitaccen bayani ba son rai, shi ne ainihin abin da edita yake yi, sai dai a nan kayan aikin suna motsi: shafin da kika jera bara yana iya mutuwa bana, ko a sayar da adireshinsa ya koma tallar caca, sai kin koma kin cire shi. Babban ɓangare na aikin ma wannan sharar ce, tare da tace shafukan da jama'a suka turo suna jiran a duba. Za ki kuma yi aiki tare da mutanen wasu ƙasashe da za su gyara miki rubutu ba tare da sun san ki ba, wanda da farko yakan yi ɗaci. Idan kin yanke shawarar nema, ki zaɓi ƙaramin rukuni na ɗakunan karatu ko na makarantu a yankin da kika sani, ki ambaci karatunki a wurin da aka tambayi ƙwarewa, sannan ki bi abin da na gaya wa Malam a sama game da misalan shafuka da yadda ake rubuta bayaninsu.