Na'urar auna haske ta mahaifina ta rasa batir

Tambaya: Malam, daga Aboabo nake rubuto maka, a Kumasi. Mahaifina mai ɗaukar hoto ne, ya rasu ya bar mini na'urarsa ta auna haske, Gossen Lunasix 3. Na zagaya Kejetia da Adum neman batirinta, PX625, babu. Wani mai shago ya ba ni batirin alkalin (alkaline) mai kama da shi, allurar na'urar tana motsi, amma hotunan da na wanke sun yi duhu. Ta lalace ne?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗan'uwa. Da wuya a ce ta lalace. PX625 batirin makuri ne, wato zaiba, ƙarfinsa bolt 1.35, kuma a haka yake tsayawa cak har ya kusa mutuwa. Saboda gubar makuri Amurka ta hana sayar da shi a 1996, sannu a hankali ya ɓace ko'ina. Ita kuwa Lunasix guda biyu take ci, kuma da wannan tsayayyen ƙarfin aka daidaita ta. Alkalin sabo 1.5 ne, sai allura ta haura ta nuna haske ya fi yadda yake, kai kuma ka rage wa kyamara haske. Duhun da ka gani ke nan. Ga shi ƙarfin alkalin kullum sauka yake, kuskuren yau daban da na wata mai zuwa. Cire shi.

Mafi sauƙi, ka je kantin magani ka nemi batirin na'urar taimakon ji mai lamba 675. Ƙarfinsa kusan 1.4 ne, ba ya rawa. Ya ɗan fi PX625 ƙanƙanta, sai ka zagaye shi da zoben roba don ya zauna. Da iska yake aiki, don haka kada murfi ya toshe ƙananan ramukansa. Aibinsa ɗaya: da zarar ka ɓare takardar da ke kansa ya fara ƙarewa ko ba ka amfani da shi, makonni ko 'yan watanni, lokacin hunturu ma ya fi saurin bushewa.

Ni dai abin da na fi so shi ne MR-9, wani ɗan mazubi mai siffar PX625. Ana saka batirin azurfa 386 a ciki, ƙaramar diyod, wato wata 'yar na'urar lantarki da ke cikin mazubin, ta sauke ƙarfinsa daga 1.55 zuwa kusan 1.35. Biyu za ka saya, sai dai ta oda, amma sayen sau ɗaya ne.

Kafin ka zuba sabon batir, goge kore-koren da ke bakin ƙarafan. Sannan ka duba ko allura na kan layin farko. In ta kauce, akwai ɗan sukurun daidaitawa a baya, juya shi a hankali. Na cikin ciki kuwa kada ka taɓa, bar wa mai gyara.

Daga nan ka fita da rana tsaka ranar da babu gajimare ko ƙura, ka sa ISO, wato ma'aunin saurin kama haske na fim, a kan 100. Ya kamata ta ba ka buɗewar idon kyamara f/16 a kusa da 1/125 na daƙiƙa. Ka sake gwadawa a cikin ɗaki, ka kwatanta da manhajar auna haske a wayarka, domin na'ura kan yi daidai a rana ta kauce a inuwa.