Kumburin ƙafa ga mai ciwon huhu: a rage mata ruwa ko a ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata tana da shekara 67, ta daɗe tana fama da tari mai kaki da sarƙewar numfashi, kuma a asibiti an shaida mana cewa hanyoyin iskar huhunta sun ƙuntata, ciwon da sai dai a riƙa lallaɓa shi. Kwanan nan ƙafafunta suka fara kumbura, musamman da yamma. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ta riƙa shan ruwa sosai domin kakin ya yi laushi, 'yan'uwa kuma sun ce ruwan ne ke sauka ya taru a ƙafa, har sun fara hana ta sha. Wanne za mu bi? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da ita. Abu na farko shi ne ku daina hana ta ruwa, sannan ku kai ta a duba zuciyarta da yawan iskar oksijin da ke cikin jininta a cikin wannan makon, domin kumburin ƙafa ga mai daɗaɗɗen ciwon huhu alama ce da ba a jinkirta bincikenta.

Mai lafiyar zuciya da ƙoda, idan ya sha ruwa fiye da buƙatarsa, fitsari zai yi ya fitar da shi. Saboda haka idan aka ga ruwa ya maƙale a jiki, akwai abin da ya hana shi fita, kuma a masu irin ciwon Hajiya abin yakan faro ne daga huhun kansa. Ɓangaren dama na zuciya shi ne ke tura jini zuwa huhu don ya ɗebo oksijin. Idan huhu ya lalace iska ta yi ƙaranci a cikinsa, sai ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciki su tsuke, kuma idan haka ta ɗore shekara da shekaru sai bangonsu ya yi kauri, ya zama dole zuciya ta riƙa yin tura da ƙarfin da ba a halicce ta da shi ba. Daga bisani ɓangaren daman ya gaji, jinin da ke dawowa daga jiki ya rasa wurin shiga da sauri, ya taru a baya, ruwan cikinsa ya tsattsafo zuwa cikin nama. Wannan ne ya sa kumburin ke farawa daga idon sawu ya hau sangali, ya fi yawa da yamma bayan an wuni a zaune, ya ɗan sassauta da safe. A lokaci guda kuma, ƙarancin oksijin da taruwar gurɓatacciyar iskar da huhu ya kasa fitarwa suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri kuwa duk inda ya zauna sai ya riƙe ruwa tare da shi.

Za ki iya gwada wani abu a gida. Ki danna babban yatsanki a kan ƙashin sangalinta na ɗan lokaci sannan ki ɗaga. Idan wurin ya loɓa ya bar gurbin yatsa da ya ɗauki lokaci kafin ya cike, ruwa ne. Ki kuma dubi wuyanta tana zaune a jingine, ki ga ko jijiyar gefen wuya ta cika ta fito fili, ki tambaye ta ko tana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, inda hanta take. Waɗannan duka bayanai ne da likita zai so ya ji.

Sai dai ba kowane kumburi ne daga zuciya ba, kuma a nan ne nake son ku tattara duk magungunan da take sha ku tafi da su asibiti, har da waɗanda aka saya a kemis. Prednisolone, wanda ake yawan ba masu sarƙewar numfashi, yana riƙe gishiri da ruwa idan aka daɗe ana shan sa, kuma mutane da yawa suna ci gaba da saye da kansu bayan kwanakin da aka rubuta musu sun ƙare saboda sauƙin da suka ji. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna takura ƙoda. Amlodipine na hawan jini sananne ne wajen kumbura idon sawu. Ciwon ƙoda, ciwon hanta da ƙarancin abinci mai gina jiki su ma suna kawo kumburi. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura tana zafi, ana tsoron gudan jini ne a jijiya, wannan kuma asibiti ake zuwa a ranar.

Maganar ma'aikaciyar jinya tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai iyaka. Ƙishirwa tana sa kaki ya yi kauri ya yi wuyar fitowa, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa ƙura ta yi yawa. To amma da zarar jiki ya sami ruwan da ya ishe shi, ƙarin da za a ɗura masa ba ya ƙara wa kaki laushi, kuma ga wadda zuciyarta ta raunana yana iya ƙara mata nauyi. Abin da ya dace kafin a gan ta shi ne ta sha gwargwadon ƙishirwarta, kaɗan-kaɗan a tsawon yini, ana lura da fitsarinta ya kasance mai haske-haske. Ƙayyade ruwa aikin likita ne, kuma yakan yi shi ne ga wanda gazawar zuciyarsa ta yi tsanani ko gishirin jininsa ya sauka, inda akan tsayar da shi a kan lita 1.5 zuwa 2 a rana, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu. Idan an kai ga haka, koko, kunu, fura, shayi da romo duk suna cikin lissafin. A zafin watan Afrilu da Mayu ma adadin yakan buƙaci gyara, saboda gumin da ake yi.

Inda iyali za su yi aiki na gaske shi ne tukunyar miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin ɗunƙulen magi, garin ɗanɗanon taliyar leda, yajin tsire, kilishi, kifin gwangwani da burodi. Kanwa ma, da ake sakawa a miyar kuɓewa, ɗanwake da kunu, tana ɗauke da sinadarin sodiyam ɗin da ke cikin gishiri, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ku riƙa ɗebar mata nata kason kafin a zuba waɗannan, a ƙara mata albasa, citta, tafarnuwa da daddawar da ba a cakuɗa da gishiri ba. A ganina gidan da ya yi wannan da gaske ya fi gidan da ke ɓoye mata kofi taimakon mara lafiya nesa ba kusa ba.

Ku nemi sikeli ku riƙa auna ta kowace safiya bayan ta yi fitsari, kafin ta karya, a rubuta a takarda. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ya taru, kuma yakan bayyana a sikeli kafin ido ya gan shi. Idan tana zaune a ɗora ƙafafunta a kan matashi, ta kuma riƙa ɗan tattaki a tsakar gida gwargwadon numfashinta. A nisanta ta da hayaƙin murhu, na turaren wuta da na maganin sauro.

Ina gargaɗinku game da sayen maganin sa fitsari, wato furosemide da aka fi sani da Lasix, ba tare da likita ya rubuta ba. Yana sauke kumburi da sauri, shi ya sa ake ruɗuwa da shi, amma yana fitar da sinadarin fotasiyam, wanda maganin shaƙa na salbutamol shi ma yake ragewa, kuma ƙarancinsa yana rikita bugun zuciya. Idan ya yi yawa yana busar da jiki ya taɓa ƙoda. Likita zai iya rubuta shi, amma bayan gwajin jini na ƙoda da sinadarai, hoton ƙirji da hoton zuciya. Tushen matsalar kuwa, wato ƙarancin oksijin, shi ne ya fi cancanta a magance. Bincike biyu da aka wallafa a Amurka a 1980 da Birtaniya a 1981 sun nuna cewa masu irin wannan ciwo da oksijin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai sun fi daɗewa a raye idan suna samun oksijin na aƙalla awa 15 a rana. Na san tsadar na'urar oksijin da matsalar wutar lantarki, amma ya kamata a auna oksijin ɗin jinin Hajiya a san matsayinta. Idan an sa mata, akan nemi ma'aunin oksijin da ake maƙalawa a yatsa ya tsaya tsakanin kashi 88 da 92 cikin ɗari, kada kuma wani ya ƙara ƙarfin oksijin ɗin da kansa, domin yawansa yana iya tara gurɓatacciyar iska a jininta.

Idan azumi ya zo alhali tana da kumburi ko tana shan maganin sa fitsari, a nemi shawarar likitanta tun kafin watan ya kama. Kada kuma ku jira ranar ganin likita idan numfashi ya gagare ta tana zaune, leɓɓanta ko farcenta suka yi duhu-duhu, ta fara barcin da ba a saba ba ko ruɗewa, kumburin ya kai cinya ko ciki, ko fitsarinta ya ragu sosai. Duk ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a garzaya da ita sashen gaggawa, ko da tsakar dare ne.