Amsa: ta ina zan ɓullo wa waƙoƙin Beatles da ba a cika ji ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka ƙoshi da Hey Jude da Yesterday, shahararrun waƙoƙin Beatles (ƙungiyar mawaƙan Ingila ta shekarun 1960), kana neman sauran. To, fara da kundin Past Masters na 1988. A zamaninsu ƙaramin faifai waƙa biyu yake ɗauka: ta gaba ita gidajen rediyo suka fi sawa, ta baya kuwa sai wanda ya saya ya juya faifan. Da dama daga cikin waɗannan waƙoƙin ba su shiga manyan fayafayansu na Ingila ba, shi ya sa aka tattara su a Past Masters.

Nemi Rain, wadda ke bayan Paperback Writer (1966). Kasa kunne ga gangar Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar, a ganina bai taɓa kaɗawa kamar nan ba, kuma wajen ƙarshe an juya muryar mawaƙinsu John Lennon tana tafiya da baya. Sai The Inner Light (1968), wadda mai jitarsu George Harrison ya naɗi kiɗanta a Bombay da makaɗan Indiya.

Inda ake tuntuɓe shi ne babban faifansu Revolver. Bugun Ingila waƙa 14 ne, na Amurka 11, don kamfanin Capitol ya cire uku na Lennon, har da I'm Only Sleeping. Ƙirga kafin ka sauke.

Kuma kada ka saurari fayafayansu na 1963 da iyafis guda a kunne. A bugun sitiriyo murya na gefe ɗaya, yawancin kiɗa na ɗaya gefen, rabin waƙar za ka ji. Sa duka biyun, ko ka nemi bugun mono, inda murya da kiɗa ke haɗe a kowane kunne.