Tomatin da ba ya ruɓewa da albasa mara sa hawaye: amsa ga manoman Tawa

Wani manomin rani daga Tabalak ya turo min saƙo a WhatsApp, wai ya ji turawa sun yi tomatin da ba ya ruɓewa, ina zai samu iri? Wani kuma daga Galmi yana tambaya kan albasa mara sa hawaye.

To malam, labarin da gaskiya a ciki amma an ƙara mai gishiri. A cikin tomati akwai ƙwayar gado, ita DNA, in ya fara nuna sai ta aika saƙo da ake ce ma RNA a yi wani sinadari mai narka bangon naman, shi ya sa kake ganin ya yi laushi. Masana sai suka saka wani zaren RNA kishiyar na farkon, ya je ya manne mai, kamar a tare ɗan aike a hanya, saƙo bai isa ba sinadarin ya ragu sosai. Kamfanin Calgene na Amurka ya fitar da wannan tomatin kasuwa a 1994 da sunan Flavr Savr, zuwa 1997 an daina nomansa, kuɗin da yake ci ya yi yawa kuma a mota yana fashewa kamar kowane tomati. Ruɓewar jinkiri kawai take, ba ta bari.

Albasar kuwa a Niyuzilan aka yi ta a 2008, masana suka rufe bakin ƙwayar gadon da ke sa yajin ido, a gwaji ta tsaya. Ni ban ma so a taɓa min Violet de Galmi, irin albasar Galmi, wannan yajin ai shi ƴan Gana da Kodibuwa suke biyowa.

Ilimin dai babba ne, Andrew Fire da Craig Mello sun ci kyautar Nobel a 2006 kan yadda RNA ke rufe bakin ƙwayar gado, amma wallahi duk wanda ya miƙo maka leda a kasuwa ya ce irin nan ne, riƙe kuɗinka, ka tambayi ma'aikatan gona ko INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, tukuna.

Abin da ke hannunka yau: tsinki tomati da sassafe lokacin da ya fara sauya launi, kar ka jira ya yi ja jawur, a inuwa za ka aje shi, kuma a bar danna shi cikin manyan kwanduna, na ƙasa na matsewa ruwa na zuba. Mai albasa kai kuma ka yanke ban ruwa kamar kwana 10 kafin cira, ka bari wuya ya bushe sarai kafin ta shiga rudu, wato rumbun ajiyar albasa, wadda ta ji ciwon hauya ka ware ta gefe ka fara saida ita.