Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan gwajin makogwaro

Wa'alaikumus salam Hajiya. Tun jiya naga tambayarki, yaronki dan shekara 7 yana fama da ciwon makogwaro da zazzabi, likita ya tura ku lab aka goga masa tsinken auduga a makoshi, kuka jira kwana biyu sai rizal ya fito wai ba a ga komai ba, shine kike tambaya ko kudinku kawai aka ci. To ni aikina kenan, na haura shekara 14 a dakin gwaji bangaren kwayoyin cuta, kuma amsar tana cikin maganarki, inda kika ce kwana uku kina bashi Ampiclox na kemis kafin kuje asibiti.

Mu shuka muke yi. Tsinken nan in ya zo sai mu shafa shi akan wani dan faranti mai abu ja kamar daskararren kunu, da jini ake hada shi, a ka'ida jinin tumaki, mu saka a inkubeta mai dumin jikin mutum, digiri 35 zuwa 37, washegari mu duba, in ba mu gamsu ba mu kara masa kwana. Kwayar cutar da muke farauta ita ce Streptococcus rukunin A, tana fitowa 'yan mitsi-mitsi kamar kan allura, kuma tana cinye jinin da ke kewaye da ita, in ka daga farantin wajen taga zaka ga wurin yayi garau haske na wucewa. To iri da aka riga aka watsa masa antibayotik kwana uku ta ina zai tsiro? Ko da tana nan ba lallai ta fito ba.

Sannan "ba komai" din nan ba wai farantin fayau yake ba, bakin kowa cike yake da kwayoyin da basa cutarwa kuma suma suna tsirowa, ana nufin dai ba a ga mai laifin ba.

Wani lokacin kuma daga wajen dauka ake samun matsala. Dole audugar ta taba 'yan wuya duka biyu da can bayan makoshi, banda harshe banda kumatu. Na sha ganin yaro yana ihu uwa na cewa a yi hakuri a bi shi a hankali, sai mai daukar ya dan lakato miyau a harshe ya rufe, wallahi wannan asarar kudi ce. Ni in yaro bai yi kakarin amai ba bana yarda an kai wurin. Wani kuma a bashi tsinken ya kai lab, sai ya jefa a jaka ya biya kasuwa cikin rana, kafin ya iso ya bushe kamas.

Kuma fa yawancin ciwon makogwaro ba bakteriya bace, bairos ne irin na mura, cikin yara 10 biyu ko uku ne kawai ke da waccan kwayar. In akwai tari da majina da dashewar murya galibi mura ce, antibayotik baya mata komai. Dalilin da yasa likitoci ke nacewa a gwada, ita wannan Streptococcus din in ba a kashe ta da kyau ba, bayan sati biyu zuwa uku wasu yaran sai gabobi su kama ciwo da kumburi, daga nan ta taba kofofin zuciya, ciwon da zai bi yaro har girma. Shi yasa in an tabbatar ake bada fenisilin ko amoksisilin na kwana 10 cif, ba kwana uku da zazzabi ya sauka a ajiye kwalba ba. Akwai ma gwajin gaggawa na kamar minti 15, sai dai ba ko'ina ake samu ba, kuma in bai nuna ba a yaro akan sake tabbatarwa da shukar.

Abu daya da bana so kowa ya jira rizal akansa shine mashako, mun ga yadda ta yi mana barna a Kano tun karshen 2022. In kika haska makoshi kika ga wata fata-fata mai ruwan toka ta manne, wuya ya kumbura, numfashi na kara, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, kada a kankare ta, kuma dan Allah kada a kai wa wanzami wai beli ne. Ita farantinta ma daban ne, sai likita ya rubuta cewa ita yake zargi sannan muke shukawa a nata.

Yanzu dai ki koma wajen likitan da takardar da kwalin maganin, ki fada masa ranar da kika fara bashi da sau nawa a rana, kada ki ji kunyar fadan da zai yi, shi zai yanke ko a karasa magani ko a canza. Allah ya bashi lafiya. Yana iya hadiye abinci yanzu kuwa?