Na Ɗauki Hutu, Amma Zuciyata Na Ce Mini Na Gudu Daga Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikacin banki ne a Kaduna, shekarata 38. Ƙarfe bakwai nake fita, ba na dawowa sai bayan isha'i, wani lokaci har Asabar. Shekara uku rabona da hutu. Da ciwon kai da rashin barci suka matsa mini sai na karɓi mako biyu, amma tun ranar farko hankalina bai kwanta ba. Gani nake na jibga wa abokan aiki kayana, ga dubban mutane na neman irin aikin ido rufe. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce taifot ne, ya ƙara mini ruwa, ya ba ni haɗi, ya ce jibi ma zan iya komawa. In katse hutun?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka katse, ko da kwana ɗaya.

Hutun nan ba alfarma aka yi maka ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ajiye wa ma'aikaci aƙalla kwana 6 na hutu da albashi bayan wata 12 yana aiki, da kwana 12 na rashin lafiya in likita ya shaida. Ka duba takardar ɗaukarka aiki, za ka ga naka kwanakin a rubuce. Abokan aikin da kake tausayi kuwa, ai kai ka riƙe musu lokacin da suka je nasu.

Lissafin da ka kawo ya haura awa 60 a mako. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100 a kan mai yin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanya a 2016, da shanyewar jiki da ciwon zuciya.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne mai kemis. Kullum sai na ga irin wannan a asibiti, kuma wallahi abin ya ishe ni. Mutum ya gaji tiɓis, ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, sai a ce taifot. Wa ya auna? In ma an auna, gwajin jini ne da ake kira Widal, wanda a ƙasa irin tamu yakan nuna akwai taifot ga mai lafiya garau, don kawai ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar a baya. Daga nan sai maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda ba gaira ba dalili, sai ledar ruwa. Ruwan nan gishiri ne ko sukari, an yi shi ne don wanda ruwan jikinsa ya ƙare ko ba ya iya sha ta baki. Ba ya maganin gajiya. Ga mai hawan jinin da bai san yana da shi ba ma, ƙara masa nauyi yake yi.

Ka san me ya sa mutane ke rantsuwa sun ji sauƙi bayan ƙarin ruwa? Sun kwanta awa uku ba wanda ya kira su. Mun kai matsayin da magidanci ba ya iya kwanciya da rana sai da allura a hannu, don kada a ce masa rago. Masu kemis sun gane haka, shi ya sa suke sayar da sunan cuta ga wanda barci kawai yake nema.

Shi kuma haɗin, ka tambaye shi sunan kowace ƙwaya? Sau da yawa akwai diclofenac mai cin ciki da ƙoda, da dexamethasone mai ɗaga sukari da hawan jini, wani lokaci har tramadol, wanda ke kama mutum kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Suna rufe bakin gajiyar ne, ka ci gaba da aiki jiki na lalacewa. Ka daina sha, ka kai wa likita ragowar ya gani.

In kuma tsoron Allah ne ke sa ka jin kamar kana cin albashi a banza, ka tuna Abdullahi ɗan Amr da ya duƙufa azumi da tsayuwar dare. Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi, matarka ma haka. Ibada ke nan fa aka ce a sassauta, balle aikin ofis.

A makon nan ka je asibiti a auna maka hawan jini da sukari da yawan jini. Ka sanar da oganka lokaci ɗaya a yini da za a same ka in abu ya taso, sauran lokacin ka ajiye wayar. In ciwon kan ya zo da dishi-dishin gani, ko nauyin harshe, ko rashin ƙarfin hannu ɗaya, a kai ka asibiti nan take. In kuma hutun ya ƙare barci bai dawo ba, ga ƙunci da rashin jin daɗin komai, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitinsu na tarayya nan unguwar Barnawa a Kaduna. Allah ya ƙara sauƙi.